Numfashi a Bakin Gonakin Saga

Ni direban taksi ne a Yamai. Tun ina saurayi nake kan wannan aiki, bayana ya gaji, idona ya gaji. Lakwal, wato makarantar boko, ban yi nisa ba, don haka yadda na ga abu haka zan faɗe shi.

Shekarar da al'ada ta ɗauke wa uwar yarana, wani zafi ya riƙa taso mata, ba irin zafin gari ba. Muna zaune lafiya lau, ko da sanyi ake, sai ka ga ta fizge ɗankwali ta jawo faifai tana fifita kamar mai hura garwashi, gumi na bin wuyanta. Ta ce daga ƙirji yake tashi ya hau fuska, kamar an buɗe mata murhun mai burodi. Can ya sake ta, ta koma rawar ɗari. Ni na ce palu ne, zazzaɓin sauro. A wurina duk abin da ya zo da zafi ya tafi da sanyi palu ne. Na sayo magani, ta sha, shiru. Na sayo bantilater, wato fanka, kuran ɗin lantarki ya ɗauke.

Ana cikin haka cikin ƴarmu ya tsufa, wadda ke aure a Lamorde, ƙetaren kogi, a gidan Zabarmawa, mutanen kirki masu son harka. Uwar yara ta ce ko an haihu ba za ta je suna ba. Dama abin ya taɓa kama ta a wani biki a Gamkalle, ta gudu banɗaki ta juye buta a kanta, ta fito kwalli na zuba. Ta ce ba za ta sa shadda mai sitaci ta zauna gaban surukai ta jiƙe kamar wanki ba, gara a ce musu tana kwance. Na ce yarinyar nan za ta yi kuka, dangin mijinta kuma za su ce uwarta ta raina su. Ta ce ta sani. Ta juya mini baya.

Na kai ta asibitin unguwa. Sajfam ɗin, wato ungozomar asibitin, wata dattijuwa mai tabarau, ta ce ba cuta ba ce, shekaru ne. Akwai magani, amma da irin tansiyon ɗin matata, wato hawan jini, ba za ta fara da shi ba. Ta koya mata wani abu: ta zauna, ta saki kafaɗu, ta ja iska ta hanci sannu a hankali har ciki ya taso, ta sake ta ta baki kamar mai hura koko. Ta dunƙule hannu tamau, ta saki. Kullum ta yi, in wutar ta taso kuma kada ta yi kokawa da ita. Ba ta yi alkawarin zai tafi ba, ta ce dai yakan yi sauƙi, kuma zuciya ba za ta riƙa dukan uku-uku ba. Sai dai a nemi wuri shiru.

Wuri shiru a gidan haya. Ga keken tela, ga rediyo, ga awakin mai gida. Uwar yara ta gwada a ɗaki, maƙwabciya ta leƙo neman gishiri, ta gan ta ido rufe tana busa, ta fita da salati tana cewa iska sun hau ta.

Sai na ce to, ga mota. Bayan la'asar in sauke kiliya na ƙarshe, wato fasinja, in ɗauko ta mu yi Saga, in faka bakin gonakin shinkafa inda iskar kogi ke kaɗowa.

Ranar farko ta zauna gaba kusa da ni tana ƙunshe dariya. Ta ce, "Malam, kai ma yi mana. In ni kaɗai nake yi, ji nake kamar mahaukaciya."

Na ce ni numfashina lafiyarsa ƙalau, tun da aka haife ni nake yi ba wanda ya koya mini. Ta nace. Na rufe ido na ja iska, na ja, na ja, tumbina ya taso ya danne oda. Motar ta yi ƙara, balbelu suka tashi fir daga cikin shinkafa, wani manomi ya yar da fartanya. Matar nan ta yi dariya har tana dukan cinyata. Rabon da in ji ta haka na manta. Muka sake farawa, muka sake fashewa. Da ƙyar muka nutsu, kuma da na nutsu barci ya kwashe ni. Ta ce minsharina ya fi odar ƙarfi.

Haka muka yi ta zuwa. Ita ta ƙware, ni kuma bayana ya rage ciwo, ban gaya mata ba don kada ta samu bakin magana.

Wata rana ƙawarta mai sayar da shinkafa ta zo gida fuska a murtuke, ba ta san ina ɗaki ba. Ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta ce amana ce ta kawo ta: ana ganin mijinki kullum a Saga da wata mace cikin mota, sun rufe ido suna ajiyar zuciya.

Uwar yara ta ce, "Yarinya ce?"

"Ina fa. Babba ce, mai jiki."

"Kyakkyawa?"

"An ce ba laifi."

Ai sai ta kwanta kan tabarma tana dariya, ni ma na kasa riƙewa daga ɗaki. Duk Saga ba wanda ya kawo a ransa cewa namiji mai furfura zai ɗauki matarsa ta aure ya kai ta kallon shinkafa. Dariyar ce ta taso mata da wutar. Nan gaban ƙawar ta tashi zaune, ta saki kafaɗu, ta yi ta busawa har abin ya wuce, faifai na gefe ba ta taɓa shi ba. Ranar na ga alamar za mu je suna.

Aka haihu, namiji. Ranar suna ta sa shaddar, ta ɗaura ɗankwali kamar ba gobe. Muna tsakiyar kadarko cikin cunkoso ta ce in juya mu koma gida. Na ce Hajiya, nan ko jandarma ba ya juyawa. Ta harare ni, ta rufe ido, ta hura har muka sauka.

Mu maza muna waje ƙarƙashin rumfa, abin da ya faru a ciki ita ta ba ni labari. An miƙo mata jaririn ke nan, ana tsokanarta wai ga sabon ango, ta yar da tsohon, sai ta ji wutar na hawa. Ba damar tashi da yaro a cinya, ba damar cire ɗankwali. Ta kafa ido kan ƙafar jaririn, ta ja iska, ta sake. Gumi ya zubo, ta bar shi ya zubo. Uwar mijin ƴarmu, babbar Hajiya wadda matata ke jin nauyinta ƙwarai, tana gefenta tana kallo. Can ta sunkuyo ta ce da Hausarta ta Zabarmawa, "Ke ma wuta ta kama ki?" Ta ɗaga gefen mayafi ta nuna mata ledar ƙanƙara da ta ɓoye a ƙirji tun safe. Surukai biyu suka haɗa kai suna dariya, ƴarmu na kallonsu daga kan gado ta rasa me aka yi.

Shaddar ta jiƙe a baya, wannan gaskiya ne, kuma har yau wutar takan zo. Amma an ci, an watse, an naɗe rumfa, ni ina cikin mota ƙafafuna sun yi tsami. Da aka kira magariba na aika ciki in ji ko ta shirya. Aka dawo aka ce ta ce in je in yi salla in ɗauki kiliya, ita ba ta gama hira ba.