Tabarmar Bu Wigati

Bu Wigati, wato Malama Wigati a harshenmu, ba ta son yara, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba, ko a gaban iyayensu. In aka miƙa mata jariri a wurin biki, sai ta ce kafaɗarta na ciwo. Takan ce yara sun cika hayaniya, hannunsu kullum da danƙo, ba su kuma san lokacin komawa gida ba. Duk da haka ita ce ta ƙare ƙuruciyarta tana koyar da darasin zaɓen littattafan yara a wata ƙaramar jami'a da ke garinmu Magelang, a tsangayar da ke horar da malaman firamare. Ni kuma ina teburin ba da aron littafi a laburaren tsangayar, tun da na gama sakandare har gwiwoyina suka ƙi hawan bene. A nan na san ta.

Na taɓa tambayarta yadda aka yi wannan aiki ya faɗo a kanta.

Ta kira ni da sunana, haɗe da Yu, wato yaya, ta ce, "Yu Painah, mai son yara duk abin da ya miƙa musu gani yake ya yi alheri. Ni ba godiyarsu nake jira ba, shi ya sa nake ganin abin da suke yi."

A aji takan sa ɗalibai su duba kaurin takarda, da girman rubutu, da zane, da ko jimla ta yi tsawon da numfashin yaro zai ƙare kafin ya kai aya. Amma ba a aji ake yanke hukunci ba. Duk Laraba bayan la'asar mukan gangara unguwar da ke bayan jami'a, a bakin kogi, ɗalibai ɗauke da tabarma, ni da kwandon littattafai saboda da sunana aka fitar da su. A shimfiɗa tabarmar a gindin mangwaro, kusa da mai soya ayaba. Ɗalibi ya zauna ya fara karatu da ƙarfi. Ba a kiran kowa, ba a raba alewa. Yaran da ke wasa su zo in sun ga dama. Ƙa'idarta guda ce: in tabarma ta watse kafin shafin ƙarshe, littafin ya faɗi. In an zauna har ƙarshe, ya ci. Ita kuwa tana can kan benci da lemarta, inda hannun yaro ba zai kai ga zanenta ba.

Wata rana wata ɗaliba mai suna Ngatmini ta zo mata da hawaye, don an bar ta ita kaɗai a kan tabarma.

"Bu, wallahi suna saurare. Kaza ce ta gifta suka bi ta."

"To kaza ta fi littafinki. Rubuta haka, ki share majina."

Haka aka yi ta tafiya har lokacin da aka ce za a rage darussan tsangaya. Darasinta na cikin waɗanda ake shakka a kansu, wuƙa da nama kuma suna hannun shugaban tsangaya, Pak Darmaji, wato Malam Darmaji. Ba mugun mutum ba ne. Laifinsa ɗaya, ya dawo daga aikin hajji da niyyar yi wa yara alheri, ya rubuta musu littafi. Labarin wani yaro ne da ba ya laifi. Yana gaida kowa, yana wanke kwanonsa, kowane shafi kuma da nasiha yake ƙarewa. Pak Darmaji yana so littafin ya shiga makarantun gunduma, masu saye kuwa ba sa karɓar littafi sai wani masani ya sa hannu cewa ya dace. A duk yankin, masanin ita ce.

Bai roƙe ta da bakinsa ba, ba a yin haka. Matarsa ce ta aika mata da shinkafa da kaza a kwando, littafin yana ƙasa, naɗe da takarda. A wurinmu kuma ba a ce wa babba a'a. "Za a duba" ake cewa, a bar maganar ta mutu da kanta. Duk damina ta wuce tana ce masa za a duba. Shi ma in ta tambaye shi makomar darasinta, sai ya yi murmushi ya ce za a duba.

Wata safiya ta ajiye littafin a teburina, ta zauna a kujerar ɗalibai kamar wadda ta yi dakan yini.

"Kin karanta?"

"Ban kai tsakiya ba barci ya kwashe ni, Bu."

"Kin fi ni sa'a, ni na kai ƙarshe." Ta cire tabarau ta murza ido. "In na ƙi, darasin ya tafi. Yaran nan namu za su fita su zama malamai, su riƙa zaɓen littafi da kyan bango. In na yarda, sunana ne a bayansa. Bari mu kai shi tabarma. Ita ba ta jin nauyin kowa, ta ce masa a'a a madadina."

Dabarar ba ta da laifi. Ladabi ne ya ɓata ta. Ba ya yiwuwa ka gwada littafin shugabanka ba ka sanar da shi ba, don haka ta je ofishinsa ta faɗa masa rana. Ya ji daɗi, ya ce zai zo ya gani da idonsa. Babban mutum kuma ba ya shiga unguwa ba a gaya wa mai unguwa ba, sai direbansa ya kai saƙo. Mai unguwa ya bi gida-gida ya gaya wa iyaye mata.

Da muka gangara ranar Laraba, har na ɗauka ɓatan hanya muka yi. An share lungu, an jera kujeru, ga shayi mai zaƙi a kofuna masu murfi. An ɗaure kaji. Yaran kuwa an yi musu wanka, an shafe fuskokinsu da farar hoda, an sa musu kayan salla, an zaunar da su sahu-sahu a kan sabuwar tabarmar masallaci. Iyayensu mata suna tsaye a bayansu, kowace ta kafe nata da ido.

Ngatmini ce ta karanta. Yaran suka harɗe hannuwa, ba wanda ya motsa. Wata 'yar ƙarama ta yi barci a zaune ba tare da ta karkata ba. Da aka rufe littafin suka tashi a layi, kowa ya kama hannun Pak Darmaji ya kai goshinsa. Na ga ƙwalla a idon mutumin.

Ya ce, "Bu Wigati, kin gani? Ko ɗaya bai tashi ba."

Ɗalibanta duka suka juyo suna kallonta. Ba wayo ya yi mata ba, shi da gaske ya yarda. In za ta gyara masa, dole sai ta faɗa a gaban mai unguwa da matan da suka wuni suna shara cewa tsoro ne ya zaunar da 'ya'yansu. Ta ajiye kofin shayinta.

"Haka ne, Pak. Ko ɗaya."

A hanyar komawa muna hawan gangare, ita da lema ni da kwando, duk muna haki.

Na ce, "Ku ce a sake mana, Bu. Ranar da ba ya nan."

"In ce masa zuwansa ne ya ɓata? Ko in ce wa mai unguwa shararsa ce? Ni na kafa ƙa'idar, Yu. Shekara nawa ina kayar da littattafan yaran mutane da ita. Yau don ta juyo kaina sai in ce ba haka nake nufi ba?"

"Ai ba haka kuke nufi ba."

"Riƙe kwandonki da kyau, yana zubewa."

Ta sa hannu. Darasin ya tsira. Littafin ya shiga makarantun gunduma da sunanta a bayan bango, manyan baƙaƙe.

Unguwar ce ba ta tsira ba. Tun daga ranar, matan suka gane cewa abin na manya ne, duk Laraba sai su wanke yara su jera su. Ta roƙe su su bari, suka ce to, Laraba ta gaba aka ƙara hoda. Dole ta ƙaura da tabarma bayan tashar mota, daga can zuwa wani ƙauye da sai an hau babur. Ko'ina ta je, ba a daɗewa wani mai kirki zai ji labari ya kawo kujeru. Ta rame, ta rage faɗa. Ɗalibai suka ce ta yi sauƙi. Gajiya ce kawai.

Ranar da ta yi ritaya aka yi mata walima a zauren tsangaya, da shinkafa mai kurkum da aka tula kamar dala. Tsofaffin ɗalibanta sun zo da yawa, yawancinsu malamai ne a gundumar, har da Ngatmini da ta zama shugabar makaranta. Pak Darmaji ya yi dogon jawabi ya tafi wani taro. Sannan aka ce ta faɗi wani abu. Ba ta miƙe ba, a zaune ta yi maganar, kuma ita ce ta ƙarshe da na ji daga bakinta a gaban jama'a kafin ta koma garinsu wurin ƙanwarta.

Ta ce, "Akwai wani littafi a makarantunku da sunana a bayansa. Kun san shi. Kada ku ɓoye, kada ku jefar, mai shi da zuciya ɗaya ya rubuta. Ku ajiye shi a kan kantar littattafai tare da sauran, inda hannun yaro zai kai. Abu ɗaya nake roƙonku: kada ku sa shi a jarrabawa, kada kuma ku tsaya a bayan yaro in ya ɗauka. In ya mayar ya tafi, ku bar shi ya tafi."