Idon Zomanyar Yaya

Baffa bai taɓa son zomanyar nan ba, ni kuma ban taɓa son Baffa ba, saboda haka tun farko kowa ya san matsayinsa. Ƙanen mahaifinmu ne. Bayan rasuwar Baba ya tattaro ya dawo gidanmu a Gadarif, ya karɓe bukkar bakin ƙofa, ya haɗa da girman gidan gaba ɗaya. A da yana da shanu wajen Mafaza, fari da cuta suka gama da su, ya koma yankan riɗi a gonakin manya. Shanun sun tafi amma ba su bar bakinsa ba. Ko ciwon kai ka ce kana yi, sai ka sha labarin wata saniya da ya warkar.

Zomanyar ta yayana ce. Fara ce tas, da baƙin tabo a kunne ɗaya. Ya samo ta tana 'yar ƙarama wajen wani kafinta a kasuwa, ya haɗa mata gida da guntayen katako da waya a bayan bukkar girki. A shekarun nan na masu gemu da takalmin soja, wanda ya gama sakandare ba ya ganin ƙofar jami'a sai ya shiga sansani ya yi hidima, daga can kuma wasu a wuce da su kudu inda ake yaƙi. Ranar da Yaya zai tafi bai bar mini wasiyyar Inna ba, bai bar mini ta littattafansa ba. Ya ja ni bayan bukka ya ce, "Ki riƙe min ita har in dawo. Kar ki bari Baffa ya matso kusa da ita." Na yi dariya, na ce na ɗauka.

Da damina ciwon ya fara, lokacin da baƙar ƙasar Gadarif ke zama kwaɓo, ciyawar da nake shimfiɗa mata ta ƙi bushewa. Ranar farko idonta na dama yana ruwa kawai. Rana ta biyu wani farin kwantsa mai kauri ya taru, gashin kuncinta ya cure. Rana ta uku fatar idon ta manne, ta kumbura, tana ta sosawa da ƙafa. Na san akwai ofishin likitan dabbobi kusa da kasuwar shanu, kowa ya san da shi. Amma da na hango kaina, budurwa 'yar shekara sha bakwai, rungume da zomo a tsakiyar dillalan raƙuma da raguna, sai na fasa zuwa. Inna ta ce in wanke mata da ruwan shayi, na wanke. Kunya ce ta zaunar da ni kwana uku, ba ni da wani dalili, kuma har yau ban yafe wa kaina ba.

A rana ta huɗu Baffa ya tarar da ni tsugune gaban gidan nata. Ya leƙa, ya yi tsaki.

"Ke, wannan ai ba mushkila ba ce. Kawo min ita nan."

"Baffa, Yaya ya ce kar a taɓa ta."

"Yayanki ya san dabba? Ni da na buɗe idon bijimi ya fi ashirin? Kauce, ya bit, yarinya ce ke, kar ki koya min sana'ata."

Ya aika Inna ta kawo gishiri. Ya watsa a baki, ya haɗa da tumbak ɗin da ke leɓensa, garin taban nan da maza ke cusawa, ya tauna. Ya damƙi zomanyar ta kunnuwa, ya ɓare idon da babban yatsa, ya fesa mata. Haka kakanninmu ke yi wa shanu a daji, kuma saniya takan girgiza kai ta wuce. Ban taɓa sanin zomo yana da murya ba sai ranar. Ta yi wata ƙara siririya mai tsawo, har kajin maƙwabta suka watse. Baffa ya goge baki da hannun riga ya ce, "Halas, shi ke nan, magani ya kama." Da ina da ƙarfi a lokacin, da na zuba masa sauran gishirin a nasa idon.

Washegari na tarar da ganyen da na zuba mata yana nan yadda na ajiye. Ta takure a kusurwa, ba ta yi ko kashi ɗaya ba, idon ya zama fari kamar nono. Na yafa mayafi na fita ban gaya wa kowa ba. Sai dai na yi tafiyar irin ta gidanmu. A zuriyarmu ba a kai dabba wurin likita, mutum ne ke zuwa ya kwatanta ciwon, a ba shi magani ya koma garke. Haka na ga Baba yana yi, haka na ji Baffa yana faɗa. Bai ko zo mini a rai ba cewa zomanya ba saniya ba ce, tana shiga kwando.

Likitar mace ce, doguwa, fuskarta a murtuke. Makiyaya sun cika barandar ofishin, da suka ji abin da ya kawo ni suka fara ƙyaƙyatawa, wani ya tambaye ni ko zan kawo musu ɓeran gidanmu ma. Ita ba ta yi dariya ba, kuma ba ta yi mini sauƙi ba.

"Ina zomanyar?"

"Tana gida, diktora."

"To idon kika kawo min a bakinki in duba? Kwana nawa?"

Na ce biyar. Na faɗa mata gishirin da tumbak. Ta ajiye biro ta dube ni kamar ni na fesa. Ta ce ido mai ruwa na yini ɗaya kan iya zama ƙura ko tsinken ciyawa, a wanke da ruwan da aka tafasa ya huce. Amma da zarar farin kwantsa ya fito, ko ido ya manne, ko ya kumbura, ranar ake zuwa. Ta ce sau da yawa ciwon daga saiwar haƙori yake tasowa, shi ya sa sai ta gani da idonta ta taɓa. "Zomon da ya daina ci kuwa ba ya jiran gobe," in ji ta. "Idon nan wataƙila ya tafi, amma ranta za mu iya kamawa. Tashi ki ɗauko ta yanzu, ina nan har azahar."

Babu mota mai shiga unguwarmu da damina. Na cire takalma na riƙe a hannu, na yi ta gudu cikin laka, ina faɗuwa ina tashi, ina lissafin kwandon da zan sa ta. Da na shiga gida abin da na fara gani shi ne farar fata shanye a kan zana, da kunne mai baƙin tabo yana reto. Baffa na tsugune gefen randa yana wanke wuƙa.

"Alhamdulillahi na riske ta," ya ce, ko kunya babu. "Ta kwanta tana numfashi sama-sama. Da na ƙara jinkiri da ta zama mushe, an yi asarar nama. Dabba in ta kai nan, wuƙa ce rahamarta."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce masa shi ya makantar da ita, shi ya kashe ta. Na ce da haka ya warkar da shanunsa shi ya sa ko ɗan maraƙi bai rage masa ba. Inna ta zabga mini mari, marin da ba ta taɓa yi mini ba, ta ce in durƙusa in ba Baffa haƙuri. Na durƙusa, amma ban ba shi haƙurin ba. Da yamma aka yi miya da naman, aka ci da kisra, siririyar wainar dawar nan. Ina daga cikin ɗaki ina jin Baffa yana tsotsar ƙashi yana cewa naman ya yi taushi.

Bayan wata biyu wasiƙar Yaya ta iso ta hannun wani direba. Sun kai shi kudu. Ya gaishe da kowa a layi uku, sannan ya tambayi zomanyarsa a layi huɗu. Inna ba ta rubutu, ni ce mai ba da amsa. Ta zauna kusa da ni ta ce, "Rubuta masa kowa lafiya, har ita. Yaron nan yana cikin wuta, ba za ki ƙara masa da wannan ba." Na rubuta. Ban tsaya inda ta ce ba, na ƙara da cewa ta yi ƙiba, tana cin jirjir, ganyen nan da ya saba saya mata, kamar ba gobe. Sau uku ina rubuta irin wannan wasiƙa, kowace ta fi ta baya ƙarya.

Ya dawo da rani, da rana tsaka, a rame, kai a aske, wuya kamar na ɗan tsako. Inna ta rungume shi tana kuka. Jakarsa ɗaya ce a kafaɗa, a hannunsa kuma ƙullin jirjir ne ɗanye, wanda ya tsaya ya saya a kasuwa kafin ya ƙaraso gida. Ya zame daga jikin Inna ya nufi bayan bukkar girki. Gidan katakon yana nan, Inna na tara gawayi a ciki.

Baffa ya biyo shi yana bayani, ido ne, cuta ce, shi ya ceci naman. Yaya bai ko waiwaye shi ba, don bai taɓa sa ran komai daga Baffa ba. Ni ya duba. Ya daɗe yana dubana, sannan ya miƙo mini ganyen ya ce, "Riƙe. Ke kika ce tana so."