Ranar da Kogi Ya Ritsa da Mu a Tanti

Shekarun baya can, a farkon wata damina, na raka yayana wani kogi a bayan Dugabau. Shi malamin ilimin duwatsu ne, ya ji labarin masu haƙar yashi sun tono wasu ƙasusuwa da suka zama dutse saboda daɗewa. Ni kam ban san komai a harkar ba, nawa ɗaukar kaya da dafa shayi.

Kogin a bushe yake, sai 'yan kududdufai. Muka kafa tanti a kan wani tudun yashi a tsakiyarsa, shi kuma ya haura gaɓa yana tono. Bayan la'asar ina cikin tanti, sai na ji wani rugugi kamar na tirela. Rana ce tarwai a kanmu, can wajen Gwarzo ne kawai sama ta yi baƙi. Ina leƙowa na ga jan ruwa tafe, yana turo kumfa da karmami.

"Yaya, ruwa!"

"Bar komai ka taho!"

Ina! Na kasa tsallakawa, don ban iya iyo ba. Ina kallo ruwan ya rabu biyu ya kewaye tudun, ya kashe wutar shayin, ya kamo idon sawuna. Salati ma a rarrabe yake fita.

Sai ga Yaya ya faɗo ruwan ya iso gare ni. Ya yanke igiyar tanti, ya ɗaure ƙuguna da nasa.

"Kar ka kalli ruwan, kalli ƙeyata. Ba zan koma wa Inna ni kaɗai ba."

Muka shiga. Ruwa har ƙirji, yashi na zamewa ƙarƙashin ƙafa. Wani kututture ya bugi cinyata, na nutse, na sha ruwan laka, na ji igiya ta fizge ni. Ashe Yaya ne ya cafki saiwar wata bishiya a gaɓa. Da rarrafe muka fita. Muka juya, babu tanti, babu tudun.

Yaya ya kwance igiyar daga ƙugunmu, sannan ya ce, "Ka san ni ma ban iya iyo ba?"

Ƙasusuwan dai ba mu same su ba, ba mu kuma koma ba. Yanzu yakan ba da labarin yana dariya. Ni har yau ban iya taya shi ba, domin na san yana kan gaɓa lafiya lau, ya sauko saboda ni.