Ƙwan da Ya Kama Shi Kaɗai

Ko da tsufa zai kwashe mini duk abin da ke kaina, ba na jin zai iya ɗauke ranar da na yi jarrabawar lasisin aikin lantarki. Shekaru sun ja, amma har yau idan na tuna sai in ji kunya ta rufe ni kamar jiya aka yi.

A lokacin na gama difloma, ina aiki a ƙarƙashin wani oga a Dei-Dei, muna jan waya a sababbin shaguna da gidaje. Sai wani kamfanin sola ya ce zai ɗauke ni aiki, da sharaɗin in kawo lasisi kafin shekara ta fita. Ita kuwa jarrabawar sau ɗaya ake yin ta a shekara, kashi biyu: ta rubutu da ta aikin hannu. Wanda ya faɗi ɗaya ya faɗi duka. Ban ko damu ba, domin a ganina ni aka yi wa jarrabawar, takardar kawai zan je in karɓo.

Duk Asabar muna haɗuwa mu bakwai masu shirin jarrabawar a gindin wani mangwaro a Gwagwalada muna bita. Ba a jima ba suka laƙaba mini Furofesa, ni kuma ban yi musu gardama ba. Ni ne mai alli, ni ne mai gyara wa kowa lissafi. Abin da na fi ƙwarewa a kai shi ne dokar kariya. Nakan miƙe tsaye in kawo ta kamar karatun allo: ka kashe babban suwic, ka rataya masa alama, ka gwada wayar da testa ka tabbatar babu wuta, sannan ka taɓa. Nakan sa su maimaita har sai sun gaji da ni.

A cikinmu akwai wata mata daga Paikon Kore da muke kira Madam. Ta girme mu duka, ta daɗe tana gyaran wuta a wani ofishi ba tare da takarda ba. Lissafi yana ba ta wuya, kuma komai sai ta yi shi a hankali. Nakan tsokane ta in ce, “Madam, kafin ki gama haɗa soket ɗaya, ni na haska unguwa.” Sai ta yi dariya ta ce, “Furofesa, bar ni da slow ɗina, yara huɗu yana jira na a gida.”

Wannan duk karatun Asabar ne. Daga Litinin zuwa Juma'a kuwa wata doka muke bi a Dei-Dei, wadda ba ta cikin kowane littafi. Mu fanka muke kallo. Da zarar ta tsaya, sai oga ya ɗaga murya, “Sun ɗauke! Oya, ku yi sauri kafin su kawo!” Nan take kowa zai cusa hannu cikin waya. Wa zai sauko daga bene hawa biyu ya je neman suwic alhali wutar ma babu ita? Ɗauke wuta a wajenmu ba matsala ba ce, dama ce. Shekara uku ina haka, kuma ko sau ɗaya ban taɓa lura cewa abin da nake wa'azi a kai ran Asabar shi nake takewa sauran kwanakin ba.

Ranar jarrabawa, ta rubutu ta zo mini da sauƙi, har na riga kowa fita. Bayan azahar aka shigar da mu wani dogon zaure. Kowa da allonsa a jikin bango, kowane allo da nasa babban suwic. Aikin shi ne a haɗa ƙwan fitila ɗaya da makunni biyu, da soket a gefe. Mai kula da mu wani dattijo ne gajere, ɗan wajen Kwali, riƙe da fayil, ba ya yawan magana. Ya duba agogo ya ce mu fara.

Bai rufe baki ba fankokin zauren suka fara rage gudu. Wani a baya ya ce, “Sun ɗauke.” Wallahi ban yi shawara da kaina ba. Hannuna ne kawai ya ɗauki filaya ya kama aiki. Ta gefen ido ina ganin Madam tana ta fama da suwic da testa a zauren da babu wuta, har na yi murmushi na ce a raina, wannan baiwar Allah ba za ta canja ba.

Aiki na yi na gani na faɗa. Wayoyin nan sun miƙe sambal, babu wadda ta hau kan wata. Na ɗaure sukurun ƙarshe, na ja da baya, na zuba hannu a aljihu ina jiran a zo a yaba. Ban fi minti biyu a tsaye ba fankoki suka motsa, an kawo wuta. Sai ƙwan allona ya kama, fes! Na duba dama, na duba hagu, duk zauren babu ƙwan da ke ci sai nawa. Daɗi ya kama ni har na ce “Alhamdulillahi” da ƙarfi. Na hango Madam ta dafe kai tana kallona, na ɗauka mamakin gwanintata take yi.

Dattijon ya tako a hankali ya tsaya a gabana. Ya kalli ƙwan, ya kalle ni.

“Ɗana, wa ya kunna wannan?”

“Ba kowa, Oga. Da kansa ya kama.” Da alfahari fa na faɗa.

“Da kansa,” ya maimaita. “Yaushe ka cire hannunka daga waya?”

“Yanzun nan, Oga.”

Ya miƙa biro ya nuna babban suwic ɗina. Yana nan a kunne yadda na same shi, ban ko kalle shi ba tun da na shigo. A nan ne na gane dalilin da ya sa ƙwan kowa bai kama ba. 

“Aikinka yana da kyau, very neat,” in ji shi. “Ka gode wa masu wuta da suka yi latti. Da sun kawo ɗazu, gawa mai neat za mu ɗauka a nan.” Ya ja layi ɗaya a fayil, ya kashe suwic ɗin da hannunsa, ya wuce allo na gaba.

A waje Madam ta same ni zaune a kan dakali. Na so a ce dariya ta yi mini, da ya fi sauƙi. Amma a hankali ta ce, “Haba Furofesa, kai ne fa ka koya mana.” Ban taɓa jin maganar da ta yi mini ciwo kamar wannan ba.

Da sakamako ya fito, ɗalibaina shida duk sun ci, malaminsu ne kaɗai ya faɗi. Kamfanin sola bai jira ni ba, ya ɗauki wani. Na koma Dei-Dei na ƙara shekara guda, inda na zama abin dariya saboda ni kaɗai nake sauka bene in kashe suwic a gidan da babu wuta.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, abin da ka haddace ba shi ne iliminka ba. Iliminka shi ne abin da hannunka zai yi a lokacin da bai tsaya tambayarka ba. Nawa hannun dai, aiki kawai ya jawo mini na rasa, kuma na san sarai rahama aka yi mini da abin ya tsaya a nan.