Baba Sylvanus da Busassun Takardunsa

Ƙarfe bakwai ba ta taɓa samun Baba Sylvanus a gidansa na Narayi ba. Kafin ɗalibai su iso ya buɗe ɗakin gwaje-gwaje, ya wanke kwalabe, ya dafa abincin ƙwayoyin bakteriya, ya leƙa firij. Shekara talatin da ɗaya yana wannan aiki a makarantarmu. Ba malami ba ne, mai kula da kayan ɗakin ne, kuma ƙarshen watan nan zai yi ritaya.

Yana da wata ɗabi'a da muka sha yi wa dariya. Duk ƙwayar da aka kawo, sai ya ɗiga kaɗan a 'yar takarda, ya busar, ya sa a ambulan na wasiƙa, ya rubuta suna da kwanan wata. Mukan ce, "Baba, kilishi ake yi ne?" Shi kuwa sai ya ce, "Ku dai ku yi karatunku."

A ajinmu akwai Indo, 'yar unguwar Makera. Binciken kammala karatunta a kan wata bakteriya ne mai jure tururin nukiliya, wadda malaminta ya samo daga waje da ƙyar, kwalba ɗaya tak. Baba ne ya fara nuna mana ita a madubin likita: jajaye-jajaye, manne da juna hurhuɗu. Ya ce bangonta ninki-ninki ne, zaren gadonta kuma, wato DNA, a naɗe yake tam kamar gammo, ga kwafi da yawa. In tururi ya tsinka shi, sai ta ɗinke abinta.

Sai aka shiga dogon yajin aikin nan na 2003. Aka rufe ɗakin wata shida, firij ya lalace ba wanda ya sani. Ranar da aka buɗe, wari ne ya tarbe mu. Fumfuna ta cinye komai, har kwalbar Indo. Ta zauna a dandamali tana kuka, don in babu ƙwayar, aikin shekara guda ya tafi, ba za ta fita tare da mu ba.

Baba bai ce mata ta yi haƙuri ba. Durowa ya jawo, ya zaro ambulan guda mai ɗauke da sunan ƙwayar Indo.

Indo ta ce, "Haba Baba, wannan ai ta fi shekara a bushe!"

Ya ce, "'Yata, abin da nukiliya ba ta kashe ba, durowata ce za ta kashe shi?"

Ya jiƙa takardar a ruwan abincin ƙwayoyin. Kwana uku muna zarya. A na huɗu, ina tsaye a wurin, jajayen ɗigo suka fito a faranti. Wallahi har ni sai da na yi ƙwalla.

Baba, kai ne wanda ba a taɓa kira gaban taro ba. Yau Indo dakta ce, ɗalibanta na amfani da jikokin wannan ƙwaya, amma yawancinsu ba su san sunanka ba. Shi ya sa na rubuta shi a nan. Mun gode, Allah ya ba ka hutu cikin lafiya.

Ku da za ku gaje shi, ku riƙe aikin da ba wanda zai tafa muku a kansa. Indo kam ta riƙe. Na je ofishinta makon jiya, na tarar tana busar da takarda, ɗalibanta na mata dariya.