Ranar da Muka Kayar da Rumbun Surukina

A garinmu, tsakanin Agiye da Gazawa, rumbuna ba a cikin gida suke ba. Suna can gabas da gari a jere, na zana masu jinka, kowanne zaune a kan duwatsu. Idan wuta ta kama ɗaya, sauran ba su da inda za su gudu. Motar 'yan kwana-kwana kuwa tana Maradi. Ba laifinsu ba ne, hanya ce, amma kafin su iso toka ta huce.

Shekarar da rumfunan kasuwarmu suka ƙone muka kafa ƙungiyar kashe gobara. Mu goma sha biyu ne, kuma ba mai biyan mu. Shugabanmu ya taɓa yin gadin wani kanti a Maradi, daura da inda motocin kashe wuta suke kwana, ya yi shekaru yana kallon fitarsu da komowarsu. Duk garin ba wanda ya kai shi sanin aikin, don haka ba a yi gardama ba. Ya sa aka rubuta sunayenmu da aikin kowa a takarda, aka kai wa mai gari. Lokacin ban shiga karatun manya ba, yatsa na dangwala.

Kayan aikinmu tano ɗaya ne, wato gangar ruwa, a kan amalanken shanu, da bokiti huɗu, da usur na shugaba, da doguwar igiya mai ƙugiya a baki. Rijiyarmu tana da zurfi, sa ke jan guga, kafin a cika tano an daɗe. Saboda haka shugaba ya kafa mana doka: abin da ya kama ya riga ya tafi, a ƙyale shi. Na kusa da shi ake kayarwa, a ja shi gefe, wuta ta zo ta tarar da fili. Ni aka ba igiya, don ina da nauyin jiki kuma ba na musu.

Duk Juma'a bayan la'asar mukan yi gwaji da wani tsohon rumbu da ba kowa a kansa. Mu kayar, mu tayar, mu sake kayarwa. Shekara uku muna haka ba wata wuta ta kirki, sai ta bukka ɗaya da matan unguwa suka kashe da ruwan wanke-wanke kafin mu gama ɗaure shanu. Mutane suka sa mana suna 'yan usur.

Ranar da aikin ya zo, bazara ce, ana sharar gona ana ƙona tushiya. Bayan azahar wata guguwa ta ɗauko wuta daga gonar wani ta sauke ta a kan tarin karan da ke bayan rumbuna. Iska tana turo ta wajen jerin. Rumbun farko a jerin, wanda doka ta ce a kayar, na surukina ne.

Shekara ashirin ke nan ina aure da 'yarsa. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba, sunansa bai taɓa fita bakina ba. Idan na hango shi a hanya, ko in ratse, ko in cire takalmi in durƙusa tun daga nesa. In akwai magana tsakaninmu, ƙanensa ke kai ta ya kawo amsa, ko kuwa mai ɗakina. Kowa a garin haka yake da surukinsa. Ba wanda ya tuna da wannan ranar da ake rabon aiki.

Da na iso da igiya a kafaɗa, na tarar da tsohon tsaye a gaban rumbunsa, ya dogara sanda, yana duban wutar kamar mai jiran mota. Shugaba ya busa usur ya ce, "Mai igiya, jefa!"

Na cire takalmi na durƙusa. Rairayin bazara ne da tsakar rana, wanda ya sani ya sani. Na ce, "Baba, ina wuni."

Ya amsa. Ya tambaye ni gajiya, ya tambaye ni gida, ya tambaye ni zafi. Sannan ya bi yarana ɗaya bayan ɗaya, su shida, har da wadda ke ciwon ido, ko an samu magani. Ina amsawa ina jin karan yana fashewa a bayana. Shugaba ya ce wani ya karɓi igiyar. Ba wanda ya miƙo hannu. Ɗaya ya ce tsohon kawunsa ne, wani ya ce a takardar mai gari ba sunansa ne a kan igiya ba, shi na bokiti ne. Shugaba ya matsa zai yi wa tsohon bayanin dokar, tsohon ya ce shi ba ya magana da mutum da usur a bakinsa. Ƙanen nasa kuwa, mai kai maganarmu, ya tafi cin kasuwar Gazawa tun da safe.

Ba mai ɗaukar magana, dole na ɗauke ta da kaina. Na dubi ƙasa na ce, "Baba, aikin da aka ba ni ne ya kawo ni."

Ya ce, "Na gani." Sannan ya ce, ba da ni ba, da rumbun, "Iri na ciki."

Na san irin. Gero ne da yake zaɓa zangarniya-zangarniya kowace kaka, tun daga wanda ubansa ya bar masa. Ba ya sayarwa, ba ya musanya da na kowa, ko a shekarar yunwa ba a daka shi ba. Dami uku ne, yakan ajiye su can sama ƙarƙashin jinka. Saura 'yan makonni ruwan shuka ya sauka. Idan wuta ta ci su sun tafi. Idan na kayar da rumbun, ban san abin da zai same su ba, don rumbun da muke gwaji da shi babu komai a ciki.

Hayaƙi ya fara rufe mu. Tsohon ya gyara riƙon sandarsa ya ce bari ya je ya dubo tumakinsa. Ya juya baya ya nufi yamma. Tumakinsa suna kudu da gari, kowa ya sani. Na miƙe na jefa ƙugiya.

Mu huɗu muka ja. Rumbu mai kaya ba ya faɗuwa kamar wofi. Ya tsaya, ya yi ƙara, sannan ya fashe daga ciki, dammuna suka zube, igiyoyinsu suka tsinke. Muka ja zana da jinka gefe, mutane suka shiga jan gero a cikin rairayi, ba wanda ya san wanne ne iri wanne ne na ci. Muna cikin haka iska ta juya arewa. Wutar ta cinye tarin karan, ta lallaɓo taku kaɗan, ta mutu ita kaɗai.

A lokacin ne mai amalanke ya iso da tano cike. Tun da aka busa usur yake rijiya. Ya duba bai ga wuta ba, ya ga gero a baje yana ƙura, ya ce ƙila da garwashi a ciki. Kafin a ce masa wani abu ya cire toshiya, 'yan bokiti suka yi aikinsu kamar yadda aka koya musu. Bayansu awakin gari suka zo. Abin da awaki suka ci ranar ya fi abin da wuta ta ci.

Da yamma gari ya rabu biyu. Wasu suka ce filin da muka buɗe ne ya ceci rumbuna, wasu suka ce wutar ba ta ma san da rumbun ba. Shugaba ya sami baƙi a jikin ɗaya daga duwatsun da rumbun yake kai, ya riƙa kawo mutane yana nuna musu inda wuta ta lasa. Da ƙanen surukina ya dawo daga Gazawa, ya duba ya ce dutsen daga tsohon murhun gidansu aka ɗauko shi, da baƙinsa ya zo.

Na roƙe shi ya gaya wa tsohon cewa na ɗauka izini ya ba ni. Ya je ya dawo. Ya ce Baba ya ce shi tumaki ya ce zai dubo. Gaskiya ne, abin da ya ce ke nan.

Washegari mai ɗakina ta ɗaura gyale ta ce za ta je gidan ubanta ta taimaka a tsince gero. Ba ta ce yaji ta yi ba, ni ma ban tambaya ba. Ta tafi da ƙaramar, ta bar mini biyar. Ta yi kwana ɗaya, ta yi uku, ta yi bakwai. Kullum da safe nakan je ƙofar gidan in durƙusa, tsohon ya ce "Lahiya," ya tsaya nan.

A bazara ba gamba a daji, don haka na kwance zanar da ta kewaye gidana da jinkar rumfata, na kai wurin. Gidana ya zama duk mai wucewa yana ganin abin da muke dafawa, da yadda muke dafa shi. Kwana shida ina ɗaurin sabon rumbu. Na aika a tambaya ko a matsar da shi tsakiyar jeri. Amsa ta zo cewa a mayar da shi inda yake, a kan duwatsunsa, in an matsar da shi wa za a sa a bakin jerin.

A cikin kwanakin ƙungiya ta zauna. Shugaba ya ce a tsara yadda ba za a sake haɗa mutum da rumbun surukinsa ba. Muka bi jerin rumbu-rumbu, aka tarar duk cikinmu ba wanda ba shi da suruki, ko kawu, ko wan uba a wurin. Aka yi ta juya magana har magariba, aka tashi igiya tana hannuna.

Abin da ban sani ba, mai ɗakina ta tsince zangarniyoyin iri da hannu, don ta san su tun tana yarinya, sun fi sauran tsawo da cika. Ta shanya, ta sussuke, ta shiƙe. Amma geron da ya sha ruwa ya kwana a zafi ba a gane lafiyarsa da ido. Sai ta ɗebi tafi ɗaya ta zuba a kasko da jiƙaƙƙen rairayi, ta ajiye bayan randa. Abin da duk gidan ke jira ke nan, ni ina can ina ɗaurin zana.

Ran da na gama, da hantsi, ƙanen surukina ya zo da kaskon a hannu ya ajiye a gabana. Tsiro ya fito, ƙanana kore, amma da gibi. Kamar rabi.

Ya ce, "Wana ya ce a nuna maka. Ya ce rabi ya isa, in an ƙara yawan ƙwaya a kowane rami. Sai dai ba zai kai duk gonar ba, kuma ba a ba yara su zuba, su ɓarnatar. Shi zai zuba da hannunsa. Yana neman mai sara masa rami."

Na ce ina da sungumi.

Ya ce, "Ya sani. Ya ce kuma a gaya wa 'yarsa ta koma, an ce yara sun rame."

Ta dawo da la'asar, ta tsaya a inda zana take da, ta dubi tukunya ta dube ni, ta ce, "Maigida, wannan tuwo ne ko kunu?" Na ce duk wanda ta ga dama. Ta zo da ƙwarya cike da geron ci da aka tsince. Mun yi kwanaki muna tauna tuwo a hankali saboda tsakuwa.

Da ruwan farko ya sauka, na ɗauki sungumi na tafi gonarsa tun da asuba. Ina gaba ina sara, yana baya yana zubawa yana rufewa da ƙafa. Hakan ya yi mana daidai, ba mai ganin fuskar wani. Kwana biyu muka yi, irin ya ƙare saura kamar kashi ɗaya cikin uku na gonar, ya ce a bar wurin a sa wake. Kafin mu gama ƙasa ta bushe. Gonata ta jira ruwa na biyu.