Tsakanin Gaya da gayya

Shekarun baya, ina sabon shiga aikin furojen da ke taya ƙauyukan bakin kogi shirin ambaliya, aka ɗora mini kai wani saƙo mai nauyi. Akwai ƙauyen da madatsar ƙasa ce kaɗai ke tsare musu fadamar shinkafa, ta kuwa zaizaye. Katafilar da aka yi musu alkawari ba za ta zo ba, ga jan ruwan damina yana tafe. Ni zan ce musu su haƙura da shinkafar bana.

Kunya ta hana ni zuwa. Na kira abokina, ladanin ƙauyen, ta salula, rezo yana yankewa, na ce ya sanar da manya su zo Gaya, garin da nake aiki, ranar Asabar. Ya ce in sha Allahu.

Ran Asabar na jera kujeru a biro, wato ofishinmu, na sha farar shadda. Hantsi ya yi, ko mutum ɗaya. Na hau moto, wato babur, na nufi ƙauyen, ina ta shirya faɗa a raina.

Daga kan tudu na hango su, na kashe moto. Madatsar ta cika da mutane iya ganina. Maza na sara, mata na jigilar ƙasa a kwanduna, ga jiragen ruwa daga tsallaken Benin suna sauke buhunan yashi. Hausa, Dendi da Fulatanci duk sun gauraye. Ashe gayya abokina ya ji, gayya kuma ya shelanta bayan sallar Juma'a, labari ya bi kogi.

Maigari ya dubi rigata, ya ce, "Malam, kai ka kira gayya, kai ne na ƙarshen zuwa? Da wannan shaddar za ka ɗauki laka?"

Na buɗe baki in gyara zancen, sai wata tsohuwa ta aza mini kwando a ka. Na bi layi.

Ruwan ya zo, ya lashi bakin madatsar, ya koma. Aka yanke shinkafa.

Na yi karatun ajami, na san shadda guda ce, alamar ninka harafi, ta raba Gaya da gayya. Ba ni na ɗora ta ba. Har yau in na tuna, sai in ce tsarki ya tabbata ga Wanda ya ɗora.